Inda Hannun Auta Yake

Auta, 'yata ta ƙarshe, tela ce. Shagonta ƙarami ne, keken ɗinki ɗaya da madubi mai tsaga a gefe. Tana ɗinki tana zolayar masu kawo aiki, har wasu kan zo ba da yadi ba, don hira kawai.

Ciwon ya fara ne daga ƙafa. Ta daina jin fedar keke, sai ta riƙa leƙa ƙasa tana kallon ƙafarta kamar ta wani. Daga baya allura ta huda yatsanta, ba ta sani ba sai da jini ya ɓata farin yadi. Ƙarfinta yana nan, ji ne ya tafi. In ta rufe ido, ba ta san inda hannunta yake ba.

"Mama, kar ki kashe fitila," ta kan ce. "In duhu ya yi, ɓacewa nake yi."

Dangi suka ce shagwaɓa ce. Yayanta ya ce ragwanci ne ya samo sabon suna. Tana dariya tare da su, amma na ga yadda abin yake cin ta. Ba magani ta fi nema ba a lokacin. So take a yarda da ita.

Likita ya ce a ɗauki hoton lakar bayanta. Ana kwantar da mutum a tura shi cikin wata na'ura mai kama da rami, kuma dole ya kwanta ba motsi, in ba haka ba hoton ya lalace. Na tsaya bayan gilashi kusa da mai ɗaukar hoton, wani dattijo mai sanyin murya. Da aka tura ta ciki, sai na ga hannunta na dama ya tashi a hankali. Yatsun suna lanƙwashewa suna miƙewa, kamar masu tura yadi ƙarƙashin allura.

"Ƙanwata, kin motsa," ya ce ta lasifika.

"Wallahi ban motsa ba, Malam."

Gaskiya ta faɗa. Hannun yana sama har lokacin.

Ya fito da ita tana haki. Ta ce a ciki ba ta da komai sai kai. Ya ɗora mata jakunkunan yashi a hannuwa, ya ce, "Ai ba a taɓa ɓatar mini da kaya a ɗakin nan ba. Ni zan riƙe miki."

Ya mayar da ita ciki. Duk sanda ƙarar na'urar ta lafa, sai ya sunkuya ya yi magana ta lasifikar. "Ƙafar dama tana nan. Ta hagu tana kusa da ita. Hannunki yana gefenki." Haka ya yi har aka gama.

A hoton, wani farin layi ya bi bayan lakar, siriri kamar zanen alli a kan yadi. Likita ya ce nan ne hanyar da ji yake bi zuwa kai, kuma ta lalace. Auta ta daɗe tana kallo.

"Ashe akwai shi," ta ce. "Mama, kira Yaya ya zo ya ga ragwancina."

Ya zo ya gani. Ya durƙusa ya ɗaura mata igiyar takalmi.

Rauni ne a tafin ƙafa ya kashe ta. Bai yi mata zafi ba, don haka ba a gan shi da wuri ba.

Da rana tsaka Auta ta cika. Ma'aikaciyar jinya ta ja zane za ta rufe mata fuska, sai na riƙe zanen. Na san abin da ya faru, hankalina bai gushe ba. Amma idanun Auta a rufe suke, kuma ba wanda ya gaya mata inda jikinta yake.

Na sunkuya kusa da kunnenta.

"Auta, ƙafar dama tana nan. Ta hagu tana kusa da ita."

Na bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya. Sai da na kai hannu na ƙarshe na saki zanen.