Sai Yaya Ta Gane

Duk wanda ya san ƙanena Dakta Habu ya san ba ya gaida mutum sai ya gaida takalminsa. Ka cire a bakin ƙofa, ya sunkuya, ya kife, ya shafa ƙasan da yatsa. Wai yana duba inda ya cinye. Aikinsa kenan, ilimin gogayya: yadda abu ke gugar abu har ya ƙare. Ni ban yi boko ba, injin markaɗe gare ni a kasuwar Gudu. Abokiyar aikinsa Dakta Rifkatu ce ke rubuta muku wannan, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

A wani ɗaurin aure a Karu har ihun ɓarawo aka yi masa. An kama shi da takalmin uban ango a hannu.

"Alhaji, ba ɗauka zan yi ba," in ji shi. "Amma ƙafarka ta hagu kake ja. Ka ga likita."

Alhajin ya zage shi tas. Bayan sati biyu sai ga shi da kwandon lemo, yana neman "malamin takalmin nan".

Ƙyauren ɗakina kuwa ya daɗe yana kuka. Kullum Habu ya zo sai ya buɗe, ya rufe, ya kara masa waya. Rannan na gaji, na ɗiga man gyaɗa. Da ya tura ya ji shiru, sai ya ɗora hannu a ka.

"Yaya! Wa ya taɓa shi?"

"Ni. Gidan ubanka ne?"

"Wata shida ina naɗar kukansa!"

"To ka je ka yi masa zaman makoki."

Ai kuwa ranar bai ci tuwona ba.

Sai ya tsiro da wannan dandali na intanet da kuke taruwa. Ya ce masu irin iliminsa a warwatse suke, kowa na fama shi kaɗai, ɗalibanmu kuma ba su da inda za su tambaya. Zai haɗa su wuri guda: mai bincike ya ajiye abin da ya gano, mai koyo ya ɗauka. Amma ya kafa doka. Ba darasin da za a ɗora sai an kunna mini na ce na gane.

Na farko, Turanci ya yi ta zubawa. Na ce, "Ban gane ba." Ya sake da Hausa, da zane-zane. "Ban gane ba." Sau biyar! A na shida ya ɗauko tsohon dutsen injina, ya nuna yadda haƙoransa suka shafe. Na ce, "Au, wannan? Tun kana tsumma na san shi."

Wani farfesa Bature da aikinsa ya maƙale a hannuna ya tambaya ta kwamfuta, wai wace jami'a wannan mai tantancewar take?

Habu ko dariya bai yi ba. "Gudu," ya ce. "Sashen markaɗe."

Darasi ɗaya ya rage a buɗe dandalin, sai ciwo ya kwantar da shi a gidana. Ɓarin jikinsa na hagu ya mutu. A kwance ya naɗi darasin, harshe na nauyi. Bai kai ga kunna mini ba.

Bayan sadakar arba'in Rifkatu ta zo da kwamfuta.

"Mama, oga ya ce ba a buɗewa sai kin gane. Mutane suna ta jira."

Ta kunna. Muryarsa ta cika ɗakin. Yana cewa abu ba ya ƙarewa rana ɗaya. Kullum yana barin alama, sai dai ba a duba.

Tun a jin farko na gane. Amma na ce, "Ban gane ba." Ta dawo Asabar, na ce ban gane ba. Na san in na amsa, za ta naɗe kayanta ta tafi da muryar.

A Asabar ta uku, na raka ta ƙofa, idona ya faɗa kan takalmansa da na hana a taɓa. Na sunkuya na kife su. Diddigen na hagu ya cinye har ya huje. Ya daɗe yana jan ƙafar. Ni da ake cewa ko allura ta faɗi a gidan nan sai na sani, ban taɓa kife takalmin ƙanena ba.

Na kira Rifkatu ta dawo daga bakin get.

"Ki buɗe musu. Na gane."

Ta riƙe hannuna, muka yi kukanmu. Kafin ta tafi ta saka mini muryar a wayata, ta nuna mini inda zan danna.

Ya Allah, ga Habu nan. Ni na goya shi, Kai ka fi ni saninsa. Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka kai masa ladan duk wanda ya shiga dandalin nan ya fita ya gane. Amin.