Jan Zare a Kan Gwangwani

A zamanin Nasara, kafin a ce mana mun samu 'yanci, maigidana ya dawo daga soja da sana'a guda: gyaran rediyo. Duk Dakoro rediyoyin ba su fi a ƙirga da yatsu ba, amma wadda ta mutu, gidanmu ake kawo ta.

Cikin rediyo akwai wasu 'yan gwangwanaye, yana ce musu kwandansater. Ya taɓa gaya mini kowanne da iyakar ƙarfin wutar da yake ɗauka, rubuce a jikinsa, kuma mai hankali yakan zaɓi wanda iyakarsa ta zarce wutar, kamar yadda ba a yi wa raƙumi kaya har ƙarshen ƙarfinsa. Idonsa ba ya ganin ƙananan lambobi, sai ya sa malamin lakwal, wato makarantar boko, ya karanta masa, shi kuma ya ɗaura jan zare a kan mai ƙarfi.

Wata safiya wani Buzu daga Tagriss ya kawo tasa. Maigida ya fiddo gwangwani biyu a faifai, ɗaya da jan zare, ya tafi karɓo batirin mota. Akuya ta ture faifan, zaren ya zame. Na tsince su, na duba: ɗaya siriri, ɗaya mai ƙiba. Ni da na tashi cikin tukwane, na san babbar randa ita ke ɗaukar ruwa. Na ɗaura zaren a kan mai ƙibar, na koma daka.

Da hantsi ya haɗa, ya kunna. Magana ta fito, Buzu ya yi murmushi. Can sai wani wari kamar na kifi ya tashi, gwangwanin ya kumbura yana tsuwa. Maigida ya sunkuya ya duba, abin ya fashe masa a fuska.

Lokotoro a asibitin Maraɗi ya ce idon hagu ya tafi.

Kwana arba'in yana zaune a zaure yana cewa shi ya tsufa, shi ya ɗaura zare inda bai kamata ba, ba zai ƙara taɓa rediyo ba. Ina jinsa ina dama fura. Ranar da ya tattara kayan aikinsa zai bayar, na durƙusa na gaya masa ni na ɗaura zaren.

Ya ajiye kayan. Sannan ya ce, "Uwar gida, ƙiba ba ƙarfi ba ce."

Bai bayar da kayan ba. Bai kuma ƙara barin faifai a tsakar gida ba, har ya koma ga Mahaliccinsa.