Barira a Kan Amalanke

A bakin kasuwar Mallawa, kusa da iyakarmu da Najeriya, wata dattijuwa tana tsaye a kan amalanken shanu, ta ɗaga salula sama kamar mai kiran ruwa. Na ji ana ce mata Barira. Ta bar kwanon ƙuli-ƙulinta a ƙasa, masu saye suna zuwa suna wucewa.

Salular irin ta farkon masu shafawa ce, gilashinta ya tsage, an ɗaure bayanta da roba. Ina jin ɗanta ne ya bar mata kafin ya tafi ci-rani. Tana ɗaukar hoto, tana da fitila da rediyo, har taswirar duniya tana ciki. Rezo ne kawai babu, wato sabis ɗin waya.

Mai amalanken ya ce, “Inna, sauko kada ki faɗi.”

“Ba ni sauka, ɗan nan. Ɗana Rabilu ya aiko murya daga Aljeriya, ta ƙi buɗewa. Rabona da jinsa tun damina.”

Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Kamfanin waya ya cika bangon garin Magarya da hoton mutane suna dariya da waya a kunne, amma a nan sai uwa ta hau amalanke da tsufanta kafin ta san ko ɗanta na raye!

Can salular ta yi ƙara. Ta miƙa wa mai amalanken.

“Karanta mini.”

Ya duba, ya sunkuyar da kai. “Ba shi ba ne, Inna. Rezon ƙetare ta kama. Wai barka da zuwa Najeriya.”

Ta karɓi abinta, ta sauya hannu, ta sake ɗagawa.