Abin da Yaya Isufu ya gani yana tafiya tare

Shekara goma sha biyar ke nan da muka binne yayana Isufu a Arlit. Har yau in na tuna yadda aka yi masa, zuciyata tafasa take yi.

Mushe ne, wato malamin boko, yana koyar da lissafi a lakwal. A shekarun tawaye na biyu, lokacin da kamfanonin waje ke rububin lasisin haƙar iraniyom, ya lura iyayen ɗalibansa da yawa numfashi na gagarar su. Sai ya shiga bin gidaje da ƙafa a Akokan, garin masu haƙar iraniyom da ke gefen Arlit, yana tambayar kowane magidanci abu biyu: shekara nawa ya yi yana shiga rami, kuma yaya ƙirjinsa yake. Abin da ya gani bai ɓoyu ba. Duk yadda shekarun rami suka ƙaru, haka haki ke ƙaruwa.

Na ce masa, "To Yaya, ai ka kama su! Ramin ne ke kashe mutane."

Ya girgiza kai. Ya ce, "A hankali, Ramatu. Na dai nuna abu biyu na tafiya tare. Ban nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan ba. Wanda ya daɗe a rami ai ya tsufa, ƙila kuma yana shan taba. Ba zan iya jefa lafiyayyu cikin rami don gwaji ba, sai dai in auna abin da na tarar. Amma ya nuna inda ya kamata a tona."

Wannan gaskiyar tasa aka ɗauka aka make shi da ita. Ya kai wa wani babban likita abin da ya samu, yana roƙon a yi bincike na sosai. Likitan ya yi murmushi, ya ce, "Mushe, ai da bakinka ka ce ba hujja ba ce. Taba ce kawai."

Yaya ya koma gidajen, ya ware masu shan taba gefe, ya kwatanta sa'o'in juna. Alaƙar tana nan. Da ya koma wurin likitan, ba a ko karɓe shi ba. Jami'an tsaro na jandarma aka turo, suna tambayar wa ya aiko shi yawon tambayoyi alhali 'yan tawaye na daji. A lokacin, kalmar tawaye kaɗai ta isa ta ɓatar da mutum. Maƙwabta suka daina buɗe masa ƙofa, ban kuma ga laifinsu ba.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi, shi da bai taɓa shiga rami ba. A asibiti na ce, "Yaya, iskar garin nan ce ko?" Da ƙyar ya ce, "Mutum ɗaya ba ya isa a yanke hukunci." Yana mutuwa, amma ya ƙi faɗin abin da bai tabbatar ba, ko don ya sanyaya mini rai.

Yau an rufe ramin Akokan. Mutanen da ya zauna a zaurensu sun watse, wasu Maraɗi, wasu Damagaram, wasu Tawa. Kowa zai mutu a ƙauyensu a ce ajali, babu mai sake jera su ya kwatanta. Da yana raye, na san abin da zai tambayi masu ramin: in nawa bai isa ba, ina naku? Kuna da na'urori, kuna da likitoci, me ya hana ku aunawa?

Ni ba ni da haƙurinsa, kuma ban yafe ba. Amma ya hana ni yin ƙarya ko a cikin fushi. Shi ya sa ba zan rubuta cewa sun kashe shi ba, don ban sani ba. Abin da na sani, na kuma shaida a gaban Allah, shi ne an nuna musu inda za su duba, suka kau da kai.