Gawayin Inna da Ruwan Tafkinmu

Shekarun baya can, zamanin da auduga ke da daraja a ƙasar Funtua, muna zaune a wani ɗan ƙauye kusa da Dayi, ni da maigidana da yaranmu da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Rijiya ba ta yi mana, dutse ne a ƙasa. Tafki ɗaya muke sha, mu da dabbobinmu.

Ruwan tafkin ja ne, amma bai taɓa damunmu ba. Inna ta daka 'ya'yan zogale ta zuba a randa, kafin a gama shara laka ta kwanta. A wurinmu, ruwa in ya yi garau, to ya gama tsarkaka.

Sai aka kawo maganin feshin auduga. Maza in sun taso daga gona, a bakin tafkin suke wanke tankunan feshi. Ba mugunta ba ce, ba wanda ya sani. Ba a daɗe ba kifi ya fara tasowa ciki sama, yara suka kama amai da jiri. Zogale ya kwantar da laka kamar kullum, amma warin magani na nan daram.

Maigidana ya ce, "Inna, mu koma Malumfashi wurin Yaya, can akwai famfo."

Ta ce, "Kai ka koma. Nan aka kawo ni amarya, nan ubanka yake kwance. Ruwa ne zai kore ni?"

Wata maƙwabciyarmu Kirista, da ta taɓa aiki a asibitin mishan, ta ce ta ga ana tace ruwa da gawayi. Inna ta karɓo gawayin ƙirya wurin maƙeri, ta huda gindin tulu, ta shimfiɗa tsumma da yashi, ta zuba dakakken gawayi a kai. Warin ya ragu. Da ta ƙara wa gawayin laushi, warin ya ƙara raguwa. Daga nan fa muka duƙufa daka da tankaɗe. Ni kam har cikin hancina baƙi ƙirin.

Maigidana ya ce, "Wa ya musanya mini mata da maƙera?"

Inna ta ce, "Rufe mana baki, kai da feshinka."

Amma ba ta bari yara sun sha ba. Nasu daga nesa ake ɗauko shi a jaki. Tsohuwar kazarta ta rufe a akurki, ba ta ba ta wani ruwa sai tataccen. Kaza ta yi kwanaki lafiya lau, har Inna ta fara 'yar waƙarta a bakin turmi. Wata safiya muka iske kazar a sandare.

Inna ta daɗe a tsugune. Can ta ce, "Ku ɗaure kaya. Ba zan gwada da jikokina ba."

A Malumfashi Allah ya yi mata cikawa. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta yabi ruwan famfo ba, wai ba shi da ɗanɗano. Ni ma har yau ƙishin wancan jan ruwan bai sake ni ba.

Kwanan baya jikata mai karatu a jami'a take ba ni labarin wani gari mai laushi da suke haɗawa a makarantarsu, ƙwayarsa ido ba ya ganinta don ƙanƙanta, in an zuba a ruwa sai ya kama dafin ya riƙe. Ta ce, "Kaka, ba turmin da zai iya wannan laushin."

Ashe hanya Inna ta kama, turmi ne ya gaza mata. Allah ya jiƙanta.