Abin da Babur Ya Ci a Kunnen Falalu

Falalu bai taɓa yin wata sana'a ba sai tsaron injin ban ruwa, wanda mutanen garin Abu Hujar ke kira babur. Wani tajiri ya kafa shi a bakin kogi don gonakin auduga, tun Turawa ba su tafi ba. A ɗakin kwano Falalu ya ƙare ƙuruciyarsa, shi da rugugin ƙarfe. Ya zuba mai, ya ɗaure bel, ya kishingiɗa a kan buhu. Wai hutu ke nan!

Abu ɗaya yake taƙama da shi a duniya, matarsa Ma'u. Ba kyau ne ya ja shi ba, murya ce. Ko faɗa take yi, akwai wani ɗan zaƙi a ƙarshen maganarta, kamar dariya na shirin kuɓuce mata. In ta kawo masa abinci ta yi sallama daga bakin ƙofa, gajiyar wuni ta sauka.

To, da furfura ta fara shigowa, sai zaƙin nan ya ɓace. Kalmomin suna nan, amma a bushe, kamar mai magana cikin tulu. Falalu ya ce raini ne.

"Ke Ma'u, mi ni yi miki? Kina min magana kamar an tilasta ki."

"Malam, yadda nike magana tun fil azal haka nike yi."

Bai yarda ba. Namiji fa in ya kafe, sai Allah! Kullum ƙorafi, kullum zargi, har wata rana ya ce in ta gaji da shi hanya a buɗe take. Ita kuwa ta gaji ɗin, da zargin. Ta ɗaure kayanta ta tafi Kamlin, gidan wanta Gado. Gado ya aiko da saƙo a taƙaice: ko Falalu ya zo biko kafin a gama cirar auduga, ko ya sawwaƙe mata kowa ya huta.

Ba don Ma'u Falalu ya je birnin Madani ba. Wani ƙugi ne ya addabe shi a ka, ko babur na kashe. Aka tura shi wurin wani matashin hakim, wato likita, mai akwati da maɓallai. Ya kifa masa wasu marufai a kunnuwa, ya ce duk lokacin da ya ji ƙara ya ɗaga yatsa. Kowace ƙara da lambarta. A ɗari biyar Falalu ya ɗaga. A dubu ya ɗaga. Daga nan ya zauna yana jira a ci gaba, ashe an daɗe da ci gaba.

"Ya hajj, kowace murya tana da gindi mai kauri, sannan akwai sirara da ke hawa a kansa," in ji hakim. "Su ne ke bambanta muryar wannan da ta wancan, da mai fushi da mai wasa. Kai daga dubu uku zuwa sama babu komai. Babur ya cinye."

"To zaƙin muryar kowa ya bushe ke nan?"

"Na kowa."

Na kowa ya bushe, amma da na mutum ɗaya kawai Falalu ya lura, don ita kaɗai yake saurara da gaske. Kunya ta rufe shi, da baƙin ciki. Ya tambayi magani, hakim ya girgiza kai.

Falalu ya hau lori zuwa Kamlin, ƙura har cikin haƙora. Gado ya tarbe shi a zaure ba yabo ba fallasa, ya saurari bayanin lambobi yana taɓe baki, sannan ya tashi.

"Ni ban san dubu uku ba. Ka faɗa mata da bakinka. Abin da ta ce shi za a yi."

Can sai wata mace ta yi magana daga bayan katanga.

"An ce kana nemana."

Falalu ya miƙe, ya karkata kai, ya kasa kunne iya ƙarfinsa. Matar Gado ce aka aiko? Ko Ma'u ce? In ita ce, ta huce ko har yanzu? Muryar da ya kwana ya tashi da ita shekara talatin, wallahi bai gane ta ba.

"Baiwar Allah," ya ce, "in ke ce Ma'u, ki taimake ni ki fito in ga fuskarki. Ban san wadda nike roƙo ba."