Gogen da Gagare Ya Ɓoye

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Karare ta bakin dam ya san zauren Gagare, ko da bai san mai zauren ba. Fatun guza ne shanye a jikin bango an kafe su da ƙaya, ga gorori a jingine, ga warin ƙaro yana tarar mutum tun daga nesa. A ciki kuwa wani dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, ya sunkuya yana kankare ƙoƙo da 'yar wuƙa, yana magana shi kaɗai. To, shi ne Gagare. Gero da gyaɗa yake nomawa kamar kowa, amma abin da ya kai sunansa har Safana shi ne haɗa kayan kiɗa, gurmi da kukuma da goge.

A gida ya taras da sana'ar. Kakansa ya yi wa 'yan bori garaya tun gidan nasu bai fara salla ba, ubansa ya yi wa mafarauta, shi kuma ya zo yana yi wa makaɗan biki. Ba ya zaɓen ƙwarya da ido. Ɗaukar ta yake yi ya kanga a kunne, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya yi shiru kamar mai jiran amsar sallama. In ta yi masa, ka ga ya yi murmushi. In ba ta yi ba, ko kyauta ce ba ya so. Matan kasuwar Batsari sun san shi sarai, da sun hango shi sai su fara kare ƙoransu da zane, don ya taɓa ƙwanƙwasa ta wata mai fura har da furar a ciki.

Abu na biyu da aka san shi da shi kwalekwale ne. Shekarar da aka gina dam ɗin don shayar da dabbobi, ya ga irin na masunta a wani gari, ya dawo gida ya haɗa nasa da katako, ya toshe kafofin da kwalta. Mutane suka taru a bakin ruwa don su ga nutsewarsa, bai nutse ba. Tun daga nan, kowace Juma'a bayan an sauko masallaci, sai ya kwashi iyalinsa su shiga ruwa. Matarsa Amariya ta riƙo dafaffiyar gyaɗa da rake, autarsu Bushira ta zauna a goshin jirgi ta saki ƙafa cikin ruwa, shi kuma in sun kai tsakiya ya aje gorar tuƙi ya ɗauko kukuma. Amariya takan ce kiɗan nasa kifi ma gudu yake sa su, ya ce ai rawa suka tafi yi a ƙasa.

Ita Amariya da nata sunan a garin, kuma ya fi na mijin nauyi. Mai riƙon ajiya ce. Mace za ta tafi haihuwa gidansu, ta kawo mata 'yan kunnenta. Tsohuwa ta sayi likkafaninta, ta kawo mata. Ba ta buɗe ƙullin kowa, ba ta tambayar me ke ciki, yadda ka ɗaure haka za ka kwance. Da rashin zaman lafiya ya tsananta ta wajen Ruma, mutane suna tashi daga ƙauyuka da abin da kai zai iya ɗauka, ɗakinta ya cika har rufi da kayan mutane.

Cikin masu tashin har da ƙawarta Asta, Bafulatanar da rugarsu ke hayin dam. Shekara da shekaru Gagare ke ƙetaro da ita da nononta in ruwa ya cika, suna tafe suna tsokanar juna, tana kiran sa Kaɗo mai kunnen ƙwarya, yana kiran ta Fillo. Ranar da mijinta Hamma ya yanke shawarar kora shanu su yi kudu, Asta ta zo da ƙoranta na gado, irin waɗanda ba a zuba nono a ciki, sai dai a jera su ranar biki ko suna. Ta shimfiɗa tabarma ta baje su don Amariya ta gani. A tsakiyarsu akwai wata madaidaiciya, ta yi ja don tsufa, bayanta cike da zane sirara. Asta ta ce ta kakarta ce, uwarta ta ba ta ranar aure, ita ma ɗiyarta Zahra'u za ta ba in lokaci ya yi.

Gagare yana tsaye, hannunsa ya kai kanta kafin ya yi tunani. Ya ƙwanƙwasa sau ɗaya. Asta ta buge masa hannu tana dariya, aka jera ƙoran ɗaya cikin ɗaya, aka ɗaure da zane, shi da kansa ya hau turmi ya rataye su a ragaya. Amma ƙarar nan ta riga ta shiga kunnensa, kuma ba ta fita ba.

Shekara ta zagayo, ta sake zagayowa, babu labarin Asta. Lambar da ta bari ta daina shiga. Gonakin nesa inda ake shuka duma mai kauri kuwa an daina zuwa, abin da ke zuwa kasuwa duk sirara ne, da ka ja fata a kai sai su tsage. Gagare ya yi goge uku a jere, duk ya wargaza su, wai muryarsu kamar akuya mai mura. A shekara ta huɗu wani mai sayen shanu ya kawo labarin Hamma ya rasu can wajen Taraba, iyalinsa kuma ba a san inda suka nufa ba. Gagare ya yi masa addu'a da zuciya ɗaya, wannan gaskiya ne. Sai dai a ranar ne kuma ya fara ce wa kansa Asta ba za ta dawo ba, ƙwarya kuma in ta daɗe a rataye gara ce za ta ci.

Wata Laraba Amariya da Bushira suka tafi suna Safana. Ya hau turmi ya sauko da ƙullin, ya zare ta tsakiyar, ya mai da ɗaurin yadda yake. Ya san matarsa ba za ta taɓa kwancewa ba, da wannan halin nata ya dogara. Kafin azahar ya huda ƙwaryar gefe da gefe ya zura sanda. Cikin kwana huɗu ya ja mata fatar guza, ya ɗaura tsirkiya ta gashin wutsiyar doki, ya goga ƙaro.

Da sassafe ya tura jirgi shi kaɗai zuwa tsakiyar dam, ya ja izga, bakan gogen, a kan tsirkiyar. Ya sha faɗa daga baya cewa a duk rayuwarsa bai taɓa yin abu mai murya irin wannan ba, tana fita a cike, kamar mace mai kiran shanu daga nesa. Ya ja sau biyu, sau uku, sai ya juya gogen ya ga zanen kakar Asta a bayansa, ga sandarsa ta ratsa ta tsakiyar zanen. Ya dawo gida ya sa shi a buhu, ya cusa a rufin zaure. Ba ya iya sayar da shi, don duk Bafulatanar da ta ga bayansa za ta san daga inda ya fito. Ba ya iya kaɗa shi, don Amariya za ta tambaya. Juma'o'in da suka biyo baya ko kukumar ba ya ɗauka, ya ce yatsunsa ke ciwo.

Bayan kaka, da hanya ta ɗan lafa, sai ga Asta a kan babur ɗin haya, ta rame, ta yi duhu. Aka yi kuka, aka yi gaisuwar Hamma, aka ci abinci. Sannan ta ce Zahra'u ta samu miji, bayan Salla za a ɗaura, ta zo ɗaukar ajiyarta. Amariya ta sa aka sauko da ƙullin, tana cewa ko ƙurar kansa da kyalle take sharewa, ba ta taɓa ɗaurin ba. Asta ta kwance, ta baje, ta duba, ta sake dubawa. Da Amariya ta tambaye ta, ta ce ta kakarta babu.

Abin da ya biyo baya Gagare yana zaure yana ji. Amariya ta rantse, ta zazzage ɗakin kaf, ta kwance shimfiɗa, ta leƙa rumbu. Ta juya kan Bushira, ta ce ko ta ara wa ƙawayenta ranar wani biki, yarinyar ta yi ta kuka tana cewa ko turmin ba ta taɓa hawa ba. Asta kuwa sai haƙuri take ba su, tana cewa ba komai, wataƙila ita ce ta manta, wataƙila tun can ba ta sa ta ciki ba. Kowa ya san ba ta manta ba. Kafin la'asar magana ta fita, mata biyu suka zo karɓar kayansu, wai dama suna da niyya. Amariya ta miƙa masu ba ta ɗaga kai ba.

Kwana biyu Gagare yana shiga yana fita da bakinsa a rufe. Ya taya su nema ma, har da ɗaga buhunan gero. Wannan neman da ya yi, in ji shi, ya fi huda ƙwaryar muni.

Ranar Juma'a Asta ta roƙi a ƙetara da ita ta ga kufan rugarsu kafin ta koma. Suka shiga jirgi su huɗu. Amariya ta riƙo gyaɗa don kada a ce ba ta riƙo ba, amma ba wanda ya ɓare ko ɗaya. Gagare ya shigo da buhu ya aje ƙarƙashin ƙafarsa. Asta ta so ta sassauta zaman, ta ce, "Kaɗo, tsufa ya kama ka, yau ko tsokana babu?" Ya ci gaba da tuƙi. Da suka kai tsakiya ya aje gora, jirgin ya tsaya yana ɗan juyawa, ya jawo buhun ya fito da gogen, ya miƙa mata shi a kife.

Asta ta karɓa ta aza a cinya. Ta bi zanen da yatsa har inda sanda ta shiga, ta tsallake, ta ci gaba ta ɗaya gefen.

"Ni ne," in ji Gagare. "Ranar da suka tafi Safana na ɗauka. Amariya ba ta sani ba, Bushira ba ta sani ba. Na ce ba za ki dawo ba."

"Ka ce ba zan dawo ba," Asta ta maimaita a hankali. Sannan ta ce, "Da fashewa ta yi, da na kai wa gyartai ya ɗinke, Zahra'u ta karɓa da ɗinkinta. Wannan mi zan ce mata?"

Ya ce ta faɗa mata gaskiya, ta faɗi sunansa. Ya ce zai ba da akuya, zai je har inda ake samun ƙorai masu kyau ya nemo wata. Asta ta ce, "Akuya ba ta san kakata ba." Ba da faɗa ta faɗi haka ba, da ma faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce ya cire mata kayansa daga jikin kayanta. Nan cikin jirgi ya fito da wuƙa ya yanke tsirkiyar, ya ɓamɓare fatar, ya zare sandar, ya miƙa mata ƙwarya mai huda biyu da layin ƙananan ramuka a baki. Ta naɗe ta a gefen mayafinta.

Sai a sannan Amariya ta yi magana, ba ta ko dube shi ba. "Mai gida, da kai aka ɗaga buhunan gero." Ta jawo Bushira jikinta ta roƙe ta ta yafe mata. Ba a ƙarasa hayin ba, Asta ta ce a juya, ta fasa ganin kufan.

Kafin ta tafi washegari, Asta ta bi gida gida da ƙafarta, ta gaya wa matan unguwa cewa ƙawarta ba ta ci amana ba. Shi ma Gagare ya tsaya ƙofar masallaci ya faɗi abin da ya yi, wasu suka yi dariya, wasu suka girgiza kai. Matan nan biyu suka dawo da ƙullinsu suna ba da haƙuri. Amariya ta tarbe su da fara'a, ta ba su ruwa, ta ce su kai gidan liman. Sauran kayan da ke ɗakin ma ta aika wa masu su ɗaya bayan ɗaya, na waɗanda ba a san inda suke ba ta sa aka kai gidan liman ɗin. Ta ce ajiya ba mutum ɗaya ke riƙe ta ba, gida ne ke riƙewa, ita kuma ba za ta ƙara rantsuwa a kan gidan da ba ta san abin da ke rufinsa ba.

Suna nan tare, tana dafa masa, suna hira, wani lokaci har ta yi dariyar maganarsa. Ya roƙe ta ya sake roƙo, ta ce ta yafe, kuma ya yarda ta yafe ɗin. Amma har yanzu in an tashi wani ƙauye, akan samu wata baƙuwa ta zo da ƙulli a ka, an kwatanta mata gidan tun can. Ta zauren Gagare take bi ta shiga, shi ke amsa sallamarta. Yana zaune da wuƙa a hannu yake jin matarsa tana cewa, "Ki yi haƙuri, 'yar uwa, na daina." Sai ya aje aikin ya tashi, ya karɓi ƙullin daga kan matar, ya yi mata jagora zuwa gidan liman.